Kurakuran da aka fi yi wajen dawo da magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki, magana tana rikice musu. Wani ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa, wani yana ta zuba amma zancen ba kai ba gindi, wani kuma karatu da rubutu ne suka kuɓuce masa. Likitoci suna kiran wannan afeziya. Galibi daga lalacewar ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, shi ya sa take yawan zuwa tare da raunin hannu da ƙafar dama. Hankalin mutum yana nan daram, don haka ɗaga masa murya ko yi masa magana kamar yaro ba ya ƙara komai sai ɓacin rai.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗora dukan buri a kan na'urar motsa ƙwaƙwalwa. Iri biyu aka fi sani. Ta farko, wadda ake taƙaita sunanta da tDCS, tana tura lantarki mai rauni ƙwarai, miliamfiya 1 zuwa 2, na kimanin minti 20, ta wasu soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri aka ɗaura a kai. Ta biyu, TMS, maganaɗisu take harbawa ta wani faifai da ake jinginawa a fatar kai. A wannan ciwon an fi gwada harbi ɗaya a kowace daƙiƙa a gaban ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, don a rage masa zaƙewa, na hagu ya samu sarari. Babu wadda take cusa kalma a cikin kai. Aikinsu kamar jiƙa ƙasa ne, iri kuwa shi ne atisayen magana. Saboda haka tDCS ana kunna ta ne daidai lokacin da mutum yake atisaye, TMS kuma atisaye yana biyo bayanta nan take. Wanda aka ɗaura wa soso aka bar shi zaune shiru, an ɓata masa lokaci ne kawai.

A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018, an yi wa mutum 74 zama 15 cikin mako 3, kuma waɗanda suka samu lantarkin tDCS na gaske sun fi waɗanda aka yi wa na bogi ƙaruwa wajen kiran sunayen abubuwa. Amma dukansu atisaye suke yi. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2019 ta ga alamar amfani wajen kiran sunaye, ba ta ga hujjar cewa hirar yau da kullum ta inganta ba. Duk wanda ya yi alkawarin magana za ta dawo cikin zama goma, ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Sayen na'urar ta intanet a yi a gida ya fi wannan muni. Inda za a ɗora soson ya danganta da inda ciwon ya taɓa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne yake nuna wurin. Soso in ya bushe yana ƙona fata, in ya jiƙe da yawa ruwan ya zurara, lantarkin ya bi ta inda ba a nufa ba. Mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a kai, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko wanda aka cire wa wani sashe na ƙoƙon kai, sai likitan ƙwaƙwalwa ya tantance tukuna.

Sai ƙarancin atisaye. Rabin awa sau ɗaya a mako ba ya kai wa ko'ina. Nazarin da ya tattara bayanan majinyata daga ƙasashe da dama ya nuna an fi samun ci gaba da jimillar awa 20 zuwa 50, a rarrabe a kwana 3 zuwa 5 kowane mako. Sai dai ba a matsa wa mutum a makonnin farko ba: gwajin da aka yi a Ostireliya, wanda aka wallafa a 2020, bai ga ƙarin riba ba daga tsananta atisaye da wuri. A wannan lokacin gajiya tana yi masa yawa, gajeren zama sau biyu ko uku a yini ya fi dogon zama ɗaya.

A gida, abin da ya fi kashe atisaye shi ne tausayi. Mutum ya nuna kofi, leɓensa na motsi, kafin ya furta an riga an ce "ruwa kake so?" an miƙa masa. Ku dakata masa kamar daƙiƙa goma. In ta ƙi, ku ce "abin da ake sha ne". In har yanzu, ku ba shi farkon kalmar: "ru…". Sai a ƙarshe ku faɗe ta duka, ya maimaita, sannan ku sake tambayarsa bayan ɗan lokaci. Ku zaɓi kalmomi 10 zuwa 20 da yake bukata da gaske, kamar sunayen 'ya'yansa, banɗaki, ciwo, magani, kuma da harshen da yake magana da iyalinsa. A kashe rediyo da talabijin, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Nuni da hannu, zane da rubutu duk hanyoyi ne na isar da saƙo, kada a hana shi.

Ana kuma yawan cewa bayan wata shida an gama. Gaskiya ne sauƙi ya fi sauri a watanni ukun farko, amma a wani bincike na Jamus da aka wallafa a 2017 an gwada atisayen awa 10 a mako na tsawon mako 3 a kan waɗanda suka wuce wata shida da ciwon, kuma maganarsu ta inganta.

In mutum ya daina ba da haɗin kai, kafin a ce taurin kai ne a duba jinsa, tabaransa, barcinsa da kuma ciwon damuwa, wanda yake kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki kuma yana da magani. In kuwa maganar ta lalace farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, wannan ba gajiya ba ce. A kai shi asibiti nan take.