Kurakuran da aka fi yi wajen tantance siffar sinadaran tsirran magani

Mai bincike yakan shafe watanni yana tace ganye ko saiwa har ya ware sinadari guda tsantsa, ya gano ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa da yadda suke haɗe, daga nan sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Alhali kuwa sinadarai biyu na iya yin tarayya a duk wannan, amma su sha bamban a inda sassansu suka fuskanta, kamar hannun dama da na hagu, waɗanda yatsunsu ɗaya ne amma ba sa dacewa idan an ɗora wannan a kan wancan. Irin waɗannan su ne tagwayen madubi. Furotin ɗin jiki da magani ke maƙalewa shi ma yana da tasa siffar, saboda haka yana zaɓen wanda zai karɓa. Mofin da tsiro ke samarwa yana kashe zafin ciwo, abokin tagwaitakarsa da aka haɗa a ɗakin gwaji kuwa kusan ba ya taɓuka komai a wannan aikin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da NMR kaɗai, wato na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen nuna yadda ƙwayoyin zarrar sinadari suke haɗe. Tagwayen madubi suna ba da sakamako iri ɗaya sak a gwajin NMR na yau da kullum, kuma ko gwajin NOESY, wani nau'in gwajin NMR, iyakarsa ya nuna yadda wani sashe ya fuskanci wani a cikin sinadarin, ba ya faɗin wanne ne daga cikin tagwayen ke hannu. Gyaran shi ne a ƙara da hanyar da aka tanada domin wannan tambaya: a haska ƙanƙarar sinadarin, wato kiristal ɗinsa, da hasken X, kamar yadda masanin kimiyya Bijvoet ya fara yi a 1951, ko a bi hanyar Mosher, wato a maƙala wa sinadarin wani sinadarin da aka san siffarsa kafin a yi NMR, ko a auna ECD, wato bambancin yadda sinadarin ke zuƙe hasken da ke juyawa dama da wanda ke juyawa hagu, a kwatanta da lissafin kwamfuta. Idan ba a yi ko ɗaya ba, gaskiya ita ce a rubuta cewa dangantakar sassan kawai aka gano.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ake tafkawa tun wajen tacewa, domin mai shi ba ya ma sanin ya yi. Zafi da sinadarai masu kaifin alkali, wato kishiyar asid, suna iya juya siffar abin da ake nema. Zaƙami da danginsa suna ɗauke da hayosayamin mai alamar −, wato ɗan tagwayen da ke karkata haske zuwa hagu, wanda shi ne ke da ƙarfin aiki, amma idan aka dafa shi ko aka bar shi cikin alkali sai ya rikiɗe ya zama gaurayen tagwayen biyu rabi da rabi, wato abin da ake kira atrofin. Haka wani sinadarin tsiro, fodofilotoksin, yake komawa fikrofodofilin a cikin alkali, ƙarfinsa na hana ƙwayoyin halitta rabuwa ya ragu ƙwarai. Wanda ya gwada abin da ya fito daga irin wannan tacewa, ya ce abin da tsiron ya ƙunsa ke nan, ya ɗora wa tsiron abin da hannunsa ya jawo. Kamata ya yi a ƙafar da ruwan tacewa da sassauƙan zafi, a guji alkali mai ƙarfi, sannan a duba ɗanyen ruwan tsiron tun farko da na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC mai raba tagwaye, a kwatanta da abin da aka samu a ƙarshe.

Akwai kuma masu rikita haruffan R da S da alamomin + da −. Haruffan suna ne da ake raɗa wa yadda sassan sinadari suka jeru, bisa ƙa'idar masana uku, Cahn da Ingold da Prelog, alamomin kuwa sakamakon awo ne na ɓangaren da sinadari ke karkata haske, kuma ba a iya ciro ɗaya daga ɗaya. Shi kansa awon yana canzawa da ruwan da aka narkar da sinadarin da yawansa da zafin wurin, don haka adadin da aka kawo ba tare da waɗannan bayanai ba ba shi da amfani wajen kwatantawa.

Kada kuma a kira kwinin da kwinidin tagwayen madubi. Dukansu daga ɓawon itacen sinkona suke, amma a gurabe biyu kawai sassansu suka fuskanci ɓangarori mabambanta, sauran guraben iri ɗaya ne, shi ya sa ake iya raba su da hanyoyin tacewa na yau da kullum. Kwinin ya shahara a maganin zazzaɓin cizon sauro, kwinidin kuma a daidaita bugun zuciya.

Zaton cewa tsiro ɗaya daga cikin tagwayen kaɗai yake samarwa shi ma ba ya tabbata a ko'ina. Irin auduga yana ƙunshe da gosifol iri biyu, rabonsu yana bambanta daga wannan nau'in auduga zuwa wancan, kuma mai alamar − ya fi ƙarfin aiki a jiki. Idan aka gwada gaurayen ba tare da an auna kason kowanne ba, ɗakunan gwaji biyu za su iya samun sakamako mabambanci daga abin da suke kira da suna ɗaya. Duk inda hali ya yi, a raba tagwayen, a gwada kowanne shi kaɗai tare da gaurayen, a kuma rubuta kason kowanne kusa da sakamakon.