Zuba kankare daga get zuwa ƙofar gida a Kumasi: lissafin kaya da yadda ake aikin

Hanyar mota ta cikin gida da ta tsage kafin ta shekara biyu, ba siminti ne ya fi yawan jawo hakan ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ce ba a daddaɓe ba, ko kuma ruwan sama ya rasa inda zai bi. A Kumasi damina biyu ce a shekara, ta farko daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka mai gida a Aboabo, Sawaba ko Asokore Mampong ya fara da tambayar ina ruwa zai gangara kafin ya tambayi kuɗin buhu.

A ɗauki hanya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 10. Kaurin inci 4 ya ishi ƙaramar mota, amma inda tankar ruwa ko tifa za ta riƙa shiga, inci 5 zuwa 6 ake bukata. Inci 5, wato santimita 12 da rabi, shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. A wannan kauri, kankaren zai kama kubik mita 3.75. Da haɗin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, kowane kubik mita yana cin buhu 6 da ɗoriya na siminti mai kilo 50, ke nan buhu 24, a ƙara 2 ko 3 saboda zubewa da ramukan da ido bai gani ba. Yashi wajen kubik mita 2, tsakuwa mai girman inci uku bisa huɗu wajen 3 da rabi. Burjin shimfiɗa a sayi kubik mita 6, domin yana raguwa in an danne shi. Idan rodi mai milimita 10 za a saƙa da tazarar santimita 30, ana bukatar kusan mita 215, ban da ƙarin da ake yi inda rodi ya hau kan rodi wajen haɗa su.

Farashi yana motsi da darajar sidi. A 2024 buhun siminti ya kai sidi 100 a wurare da dama, don haka a tambayi dillalai biyu ko uku na Ghacem, Dangote ko Diamond a satin da za a saya. Bayan siminti, sai a lissafa yashi, tsakuwa, burji da kuɗin tifa, rodi da waya, katakon tare gefe (na icen da ake kira wawa) da ƙusa, leda, hayar injin kwaɓa da na daddaɓe ƙasa, ruwa, sannan ladan birkila da leburori. Kuɗin kwashe ƙasar da aka haƙe shi mutane suka fi mantawa. Ladan aiki kuwa ya fi kyau a yi jinga a kan faɗin wurin, a rubuta kauri da yawan buhu a cikin yarjejeniyar.

Aikin yana farawa da haƙa. A cire baƙar ƙasar sama da saiwoyi gaba ɗaya, zurfin kamar santimita 28, har a taras da ƙasa mai tauri. A zuba burji santimita 15, amma kashi biyu: a shimfiɗa rabi, a yayyafa ruwa, a bi da inji, sannan a ƙara sauran. Taka shi da ƙafa ko bin sa da mota ba ya wadatarwa. In akwai bututun ruwa ko wayar wuta da za ta ratsa, yanzu ne lokacin binne ta cikin bututu mai kauri. Duk inda aka taɓa haƙa rami aka cike, a ninka dannewa a wurin, nan ne yake fara lotsawa.

Gangara kuma santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa kwata. A ja igiya a kan turaku, kafinta ya kafa katako daidai da ita. A shimfiɗa leda a kan burjin don kada ƙasa ta tsotse ruwan kankaren. Rodi ya zauna a tsakiyar kauri, a kan ƴan gutsattsarin kankare. Rodin da aka bari kwance a ƙasa asarar kuɗi ne kawai. Inda hanyar za ta haye kwatar bakin titi, wannan wurin gada ce, tana bukatar nata rodin mai kauri, kuma a bar murfin da za a iya ɗagawa don yashe kwatar.

Wajen kwaɓi, buhu ɗaya yana tafiya da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, ruwa kuma bai wuce lita 25 zuwa 28 ba, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori suna son ƙara ruwa domin ya yi sauƙin shimfiɗawa, kuma wannan ne yake sa saman ya riƙa gari yana ɓarewa daga baya. Mai gida ya tsaya a kan wannan da kansa. Yashin ma a duba: a damƙe shi a hannu, in ya bar laka a tafi, a mayar da shi.

A fara zubi da sassafe, a gama kowane yanki a rana ɗaya. A soka injin girgiza ko a caccaka da rodi don iska ta fita, a daidaita da miƙaƙƙen katako. Kada a goge shi sumul, kuma kada a barbaɗa busasshen siminti a sama. Da ya fara kamawa, a ja tsintsiya mai tauri a kansa ta gefe zuwa gefe, don taya da ƙafa su samu riƙo lokacin ruwa.

Kankare yana tsukewa in yana bushewa, dole ya tsage, sai dai a zaɓa masa wurin. A yanka layi a kowace mita 3, zurfin kashi ɗaya bisa huɗu na kaurin, cikin awa 24 da zubawa. Tsakaninsa da bangon gida ko ginshiƙin get a saka wani abu mai laushi kamar soso mai kaurin santimita 1.

Daga nan sai ban ruwa na kwana 7. A rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, kada saman ya bushe ko sau ɗaya. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana shanye ruwan cikin ƴan awoyi, sai a rufe da wuri a ƙara yawan shayarwa. Ƙaramar mota ta jira kwana 7 kafin ta hau, tanka da tifa kuma sai bayan kwana 28.