Neman Karatun Likitancin DO a Amurka: Wuraren da Muke Yin Tuntuɓe

Ranar da na shaida wa kawuna ta waya cewa na samu gurbi a makarantar likitancin ostiyofati, sai ya yi jim, sannan ya ce, "Yanzu kai ɗori za ka koyo a Amurka? Ai maɗora muna da su a nan gida." Na yi dariya, amma ban ga laifinsa ba. Sunan daga kalmar ƙashi aka samo shi a Girkanci, kuma a Ingila da Faransa mai wannan laƙabi ba likitan asibiti ba ne, aikinsa tausa da gyaran gaɓoɓi da hannu. A Amurka abin daban yake. Wanda ya fito da digirin DO, wato digirin da makarantun ostiyofati ke bayarwa, cikakken likita ne a dukkan jihohi 50: yana rubuta magani, yana yin tiyata, yana karɓar haihuwa, daidai da mai digirin MD, digirin likita da aka fi sani a can. Likitan fadar shugaban ƙasa a zamanin Biden, Kevin O'Connor, DO ne, haka ma Sean Conley wanda ya kula da Trump lokacin da korona ta kama shi a 2020. Wani likita mai suna Andrew Taylor Still ne ya kafa wannan tafarki a 1874, ya buɗe makarantar farko a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892. Yau sama da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu suke.

Kuskuren kawu mai sauƙi ne. Wanda ya fi shi tsada shi ne namu, mu masu nema: ɗaukar DO a matsayin ƙofar baya, wadda ake faɗawa idan makarantun MD sun ƙi mutum. Gaskiya ne matsakaicin makin da ake shiga da shi ya ɗan yi ƙasa da na MD. A jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci, wadda makinta ke farawa daga 472 ya tsaya a 528, yawancin waɗanda ake ɗauka suna ɗan sama da 500 ne. Amma masu tantancewa sun ga dubban takardu, kuma daga sakin layi na farko suke gane wanda ya kwafo bayanin da ya aika wa makarantun MD ya sauya haruffa biyu kawai. Wurin bayanin kai a fom ɗin AACOMAS, wato fom ɗin bai ɗaya na neman makarantun DO, haruffa 5,300 yake ɗauka. Idan ka cinye su duka ba ka faɗi abin da ka gani da idonka a wurin likitan DO ba, ka yi asarar wurin. Kuma don Allah a daina rubuta cewa ana son "duba mutum gaba ɗayansa ba cutarsa kaɗai ba". Kowa haka yake rubutawa. Ka kawo majinyaci guda da ka gani, ka faɗi abin da likitan ya yi masa, da abin da ya sa ya tsaya maka a rai.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar shaida. Makarantu da yawa suna neman wasiƙa daga likita, wasu kuma sun fi son ta fito daga DO. Yaranmu sukan tuna da wannan a watan Yuni, sai a shiga buga waya ana neman wani ɗan garinmu likita ya sa hannu a kan yaron da bai taɓa gani a asibiti ba. Irin wannan wasiƙa ba ta da gishiri, kuma ana ganewa. Gyaran shi ne ka nemi likitan da za ka riƙa bi a wurin aikinsa tun shekara guda kafin ka cika fom, ka je a kan lokaci, ka yi tambaya, ka bari ya san ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ma a zo nan, akwai wanda ke karanta wannan daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kuma gara ya ji gaskiya tun yanzu. A Najeriya daga sakandare ake zana JAMB a shiga MBBS. A Amurka sai ka gama digirin farko tukuna, da darussan da aka sharɗanta: nazarin halittu, kimiyyar sinadarai iri biyu, fizis, da Turanci, galibi kowanne na shekara guda, na kimiyyar kuma haɗe da aikin ɗakin gwaji. Makarantu da dama ba sa karɓar waɗannan darussa sai an yi su a jami'ar Amurka ko Kanada. Da yawa kuma ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ko mai katin zama na dindindin, waɗanda ke ɗauka ɗin ma sukan nemi shaidar kuɗi mai nauyi, domin mai bizar ɗalibi ba ya samun rancen gwamnatin tarayya. Kowace makaranta ta rubuta sharaɗinta a fili. Ka karanta kafin ka biya ko sisi. Wanda kuma ya riga ya gama MBBS a gida, hanyarsa ta fi kusa ta ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da USMLE, jarrabawar lasisin masu MD, ba sai ya koma aji ɗaya ba.

Sai batun lokaci. AACOMAS kan buɗe a farkon Mayu, kuma makarantu ba sa jiran ranar rufewa kafin su fara rabon kujeru. Suna duba takardu yadda suke isowa, suna kira hira, suna ɗauka. Ranar rufewar wata makaranta tana iya kai Fabrairu ko Maris, sai mutum ya ga kamar yana da sauran lokaci, alhali mai miƙawa a Disamba ragowar tukunya yake nema. Tantance takardun sakamako kaɗai kan ci makonni, bayan haka kowace makaranta ta aiko da nata fom na biyu, da nata tambayoyin da nata kuɗin. Ka mayar da shi cikin mako biyu. Mai sha'awar makarantun gwamnati biyu na Texas, ta Fort Worth da ta Sam Houston, ya sani ta TMDSAS, fom ɗin jihar Texas, ake neman su, ba ta AACOMAS ba.

Akwai wani tsohon labari da har yanzu yake yawo a bakin yayyenmu: wai idan ka faɗi darasi ka sake shi, sabon makin ne kawai za a lissafa. An yi haka da, amma an daina tun 2017. Yanzu duka biyun ake haɗawa. Kada kuma ka ɓoye wata kwaleji da ka taɓa yin zango ɗaya a cikinta don sakamakon bai yi kyau ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in aka gano daga baya ana iya janye gurbin ko da ka fara karatu.

Idan aka ɗauke ka, murna takan rufe ido. Za a nemi kafin alƙalami, sau da yawa dala dubu ɗaya zuwa sama, wanda ba a mayarwa. Wanda aka ɗauka kafin tsakiyar Nuwamba yakan samu har 14 ga Disamba ya biya. Kuɗin makaranta a yawancin masu zaman kansu ya haura dala 50,000 a shekara, ban da haya da abinci, ga shi dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta ƙayyade rancen tarayya ga sababbin ɗaliban likitanci a 50,000 a shekara daga Yulin 2026. A zauna da iyaye a yi lissafin shekara huɗu, ba na shekarar farko kaɗai ba.

Amma kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ni kaina na tafka, shi ne rashin tambayar inda zan yi shekara ta uku. Ranar hira an zagaya da mu, mun ga gini mai sheƙi, da mutum-mutumin koyon aiki da ke numfashi har yana tari. Ban tambayi komai game da asibiti ba. Shekara biyun farko ne kawai ake yi a wannan ginin. Biyun ƙarshe a asibitoci ake yin su, ana zagaya sashe-sashe: cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, ƙwaƙwalwa, likitancin iyali, galibi mako huɗu zuwa takwas kowanne. Makarantun DO da yawa ba su da babban asibitin koyarwa nasu, yarjejeniya suke yi da asibitocin gari-gari, wani lokaci a wata jiha can daban, kuma wasu da ƙuri'a suke raba ɗalibai. Ni ƙuri'ata ta faɗa wani ƙaramin gari mai tafiyar awa huɗu, inda masallaci mafi kusa sai an yi kusan awa guda a mota. A shekarar na sauya masauki sau uku. Sau ɗaya kuma, saura kwana goma in fara sashen yara, aka aiko mini cewa likitan ya fasa karɓar ɗalibai.

Tambayoyin da ya kamata in yi ba su da wuya. A ina ɗalibanku ke yin shekara ta uku? A gari ɗaya ake gamawa ko ana yawo? Asibitin yana da likitoci masu horon ƙwarewa, wato waɗanda suka gama makaranta suke koyon fanninsu, ko likita ɗaya ake bi a ofishinsa? In an soke zagaye, wa ke nemo madadi, makaranta ko ɗalibi? Kada ka tsaya ga amsar ofis. Nemi ɗan aji uku ko huɗu ka tambaye shi a keɓe.

Ba wai ƙaramin asibiti ba shi da daɗinsa ba. A can ba ka da layin manya a gabanka. A mako na biyu a sashen tiyata, ni kaɗai ne mataimakin likitan. Ƙarfe biyar da rabi na asuba nake isa, in duba majinyata, in rubuta zafin jiki da yawan fitsarin dare da abin da ya fito ta robar ciwo, in jira shi. Ranar farko a ɗakin tiyata, na wanke hannu, an saka mini riga da safar hannu, sai tabarauna ya zame, na kai hannu na gyara. Nas ɗin da ke kula da kayan aiki ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Fita ka sake." Kowa ya tsaya yana jirana. Tun daga ranar hannuna bai ƙara wuce ƙirjina ba. Darasin da ɗalibai ke makara kafin su gane shi ne nas-nas sun fi ka sanin wurin nesa ba kusa ba. Ka gaishe su, ka faɗi sunanka, ka tambayi inda za ka tsaya.

Mu da aka rene mu da kunya muna da wata matsala ta daban. A gida, yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, ba ya magana sai an tambaye shi. A asibitin Amurka wannan shirun ana karanta shi a matsayin rashin sha'awa, kuma haka za a rubuta a takardar kimantawa, wadda daga ita ake tsamo kalmomin da za su bi ka har neman horon ƙwarewa. Ba rashin kunya ake nema ba. Ka ce kana so ka gwada ɗinki, ka gabatar da majinyacinka da murya mai fita, in ba ka san amsa ba ka ce za ka duba, gobe kuma ka zo da ita. A tsakiyar zagaye ka tambayi likitan abin da za ka gyara, kada ka jira ranar ƙarshe. Kuma kowane dare ka yi tambayoyin gwaji ko da ashirin ne, domin a ƙarshen kowane zagaye akwai jarrabawar COMAT a kan sashen da ka gama, gajiya kuwa ba uzuri ba ce a wurinta.

Batun addini ma tun wuri ake faɗinsa. Salla ba ta cin minti goma, kuma ban taɓa haɗuwa da likitan da ya hana ni ba idan na gaya masa tun ranar farko. Ɓacewa ba sanarwa ce ke jawo magana. Juma'a da azumi a sashen tiyata suna son shiri da mai tsara jadawali makonni kafin lokaci. Ke kuma ƙanwata, ga abin da ba a cika faɗa ba: a shekara biyun farko akwai darasin gyaran jiki da hannu, OMM, kimanin awa 200, kuma ɗalibai a jikin junansu suke koyo, maza da mata, cikin gajeren wando da 'yar riga don a ga kafaɗa da ƙashin baya. Makarantu sun bambanta wajen sassauci. Ki tambaya a rubuce kafin ki biya kafin alƙalami, ki ajiye amsar. Haka nan ki tambayi ƙa'idar rufe kai a ɗakin tiyata kafin ranar da za ki shiga.

Jarrabawar lasisin DO ita ce COMLEX, mataki uku. Tun 2022 matakin farko ci ko faɗuwa ne kawai, babu maki, don haka nauyi ya koma kan mataki na biyu da kimantawar asibiti. Tun 2020 kuma masu DO da masu MD tsarin horon ƙwarewa guda suke nema. Mai son fannin da ake rububi, kamar tiyatar ƙashi ko cututtukan fata, yawanci yakan ƙara da USMLE mataki na biyu, sannan a farkon shekara ta huɗu ya je ya yi wata guda a asibitin da yake so ya ɗauke shi, su ga aikinsa. Guraben wannan zagaye tun kana tsakiyar aji uku ake neman su, wanda ya bari sai bazara sai ya tarar an cike.

Mai niyyar komawa gida ya yi aiki, ya rubuta wa hukumar likitoci ta ƙasarsa, MDCN in a Najeriya ne, ya ji sharuɗɗan rajistar wanda ya yi karatu a waje tun bai ci bashin ba. Kawu dai har yau in ya kira, sai ya tambaya ko na iya ɗora karaya. Na ce masa na iya, amma sai an ɗauki hoto tukuna.