Yadda Ake Nemo Maƙalun Mujallu da Rahotannin Jaridu a Harsunan Silafawa

Mai binciken da ke son sanin abin da jaridun Mosko suka rubuta game da yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ko game da kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ƙwararrun Tarayyar Sobiyet suka yi aikin gininsa, yakan rubuta tambayarsa da Turanci, ya ga bai samu komai ba, ya ɗauka babu rubutun ne. Rubutun yana nan, kuma da yawa, amma ba ya fitowa sai an neme shi da harshensa da haruffansa. Harsunan Silafawa sun haɗa da Rashanci da harsunan Yukiren, Folan, Cak, Sabiya, Kuroshiya da Bulgeriya, wasunsu da baƙaƙen Sirilik ake rubuta su, wasu da na boko, harshen Sabiya kuwa yana amfani da duka biyun.

Aikin farko shi ne daidaita kalmomin nema, kuma a nan ya kamata mai bincike ya fi ɓata lokacinsa. Sunaye a waɗannan harsuna suna sauya ƙarshensu gwargwadon matsayinsu a jimla, don haka Najeriya a Rashanci tana iya zuwa a matsayin Нигерия, Нигерии, Нигерию ko Нигерией. Idan rumbun da ake bincike a ciki bai gane wannan sauyi da kansa ba, sai a rubuta tushen kalmar, wato Нигери, a sa alamar tauraro a ƙarshe, in rumbun yana karɓar ta. Kalmar хауса, wato Hausa, ba ta sauyawa, wannan kuwa sauƙi ne ga mai nazarin Hausa. Sai matsalar mayar da Sirilik zuwa boko, domin shugaban Sobiyet ɗin nan da Turawan Ingila ke rubutawa Khrushchev, Faransawa Khrouchtchev suke rubuta shi, Jamusawa kuma Chruschtschow. Ɗakunan karatu na Amurka suna bin tsarin ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, saboda haka wanda zai duba WorldCat, kundin intanet da ya haɗa jerin littattafan ɗakunan karatu na duniya, ya koyi wannan tsari tun da wuri. Wanda bincikensa ya shafi shekarun da suka gabaci 1918 ya tuna cewa a wannan shekara aka gyara ƙa'idar rubutun Rashanci aka jefar da wasu haruffa, kuma a watan Fabrairun shekarar Rasha ta sauya kalanda, har kwanan watan da ke kan tsohuwar jarida ya kasance baya da namu da kwana 13 a ƙarni na 20, da kwana 12 a ƙarni na 19.

Maƙalun ilimi na zamani ba su da wuyar samu. Ma'ajiyar intanet ta CyberLeninka kyauta take ba da cikakkun maƙalun Rashanci, eLIBRARY.RU kuma ta fi ta faɗi amma sai an yi rajista. Ga harshen Folan akwai BazHum, ga Kuroshiya akwai Hrčak, ga Sabiya akwai SCIndeks, yayin da CEEOL da ke Frankfurt ta tattaro mujallun yankin baki ɗaya, wasu kyauta wasu da kuɗi.

Zamanin Sobiyet ne ke buƙatar haƙuri. Hukumar rajistar littattafai ta ƙasar ta riƙa buga jerin maƙalun da suka fito a mujallu mai suna Letopis' zhurnal'nykh statei tun 1926, da takwaransa na jaridu, Letopis' gazetnykh statei, tun 1936, an jera su bisa fanni. Jami'ar Indiana ta ɗora na mujallun daga 1956 zuwa 1975 a intanet kyauta, kuma waɗannan shekaru ne daidai lokacin samun 'yancin ƙasashen Afirka da yaƙin Biyafara. Jerin ba ya ba da maƙalar kanta, sai sunan marubuci da mujalla da shekara da lamba da shafi, amma a ganina wanda ya riƙe waɗannan ya ci rabin aikin. Mai nazarin Afirka ya lura musamman da mujallun Narody Azii i Afriki da Aziia i Afrika segodnia, da kuma rubuce-rubucen almajiran Dimitiri Olderogge na Leningrad, wanda ƙamus ɗin Hausa da Rashanci na 1963 ya fito ƙarƙashin kulawarsa. A Jami'ar Warsaw ma akwai daɗaɗɗen nazarin Hausa, inda Stanisław Piłaszewicz da Nina Pawlak suka yi rubutu da harshen Folan da Turanci.

Game da jaridu, kamfanin East View na Amurka yana da Pravda tun daga 1912 da Izvestiia tun daga 1917, shafi-shafi, sai dai da kuɗin rajista mai nauyi wanda jami'o'i ke biya. Tsofaffin jaridun Folan suna cikin rumbun intanet na Polona, na Cak kuma a na Kramerius, ko da yake abin da haƙƙin mallaka bai sake ba yakan kasance a kulle. A yi hattara da binciken kalma a irin waɗannan rumbuna, domin kwamfuta takan kasa karanta tsohon bugu da tawadarsa ta dushe. Idan an san ranar da abu ya faru, gara a buɗe jaridun makon a bi su da ido. Wanda bai iya Rashanci ba zai iya farawa da Current Digest of the Soviet Press, wadda ta riƙa fassara zaɓaɓɓun rahotanni zuwa Turanci tun 1949, ya ɗauki kwanan wata da shafi daga can ya koma ga asalin.

Idan an sami bayanin maƙala amma an rasa ita kanta, sashen taimaka wa masu binciken Silafawa na Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign yana amsa tambayoyi kyauta. A aika musu sunan marubuci da na mujalla da shekara da lamba da shafi, a rubuce da haruffan asali tare da na boko.