Kafin ka biya kuɗin kwalekwale, duba lokacin cikowar teku

'Yan'uwa masu sha'awar nutso da tukunyar iska a Legas, ga wata dabara. Ku shiga ruwa lokacin da teku ke cikowa, dab da ya cika. Kar ku shiga yana janyewa.

In teku na janyewa, ruwan tafkin Legas ne ke kwararowa ta mashigar jiragen Apapa, ɗauke da laka da ledoji. Ka miƙa hannunka ma da ƙyar za ka ga yatsunka, kuɗin mai da na hayar kaya sun tafi a banza. In yana cikowa kuwa, ruwa mai haske ke turowa ciki. Masu kwalekwalen da ke kai mutane Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke kusa da mashigar, sun san lokutan, ku tambaye su tun jajibiri.

Mai neman ruwan sanyi ya jira Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan ƙasan teku mai sanyi ke tasowa sama. Sai dai a lokacin igiyar ruwa ta fi ƙarfi, kuma sai da rigar roba mai kauri.

Bayan ruwan sama mai yawa dabarar ba ta aiki, ko'ina gurɓacewa yake. Hanyar manyan jirage kuma, don Allah a nisance ta, kar kuma kowa ya shiga shi kaɗai.