Yadda Ake Karanta Hotunan Bugun Katako na Japan Masu Siffofin Otsu

Mai son fahimtar irin waɗannan hotuna na zamanin Edo (1603 zuwa 1868) ya fara dubawa daga hannun dama, domin ta nan karatun Japanawa yake farawa, kuma da yawansu falle uku ne da ake jerawa su tashi hoto guda.

Daga nan sai a nemo gwanin da ke cikin hoton. Idan aka ga mutum zaune yana zane, siffofi suna fitowa daga takardunsa suna rawa, to Ukiyo Matabei ne, mai zanen nan mai i'ina wanda wasan kwaikwayon da marubuci Chikamatsu ya rubuta a 1708 ya yayata sunansa. Idan kuwa gumakan itace ne suka kewaye shi, to Hidari Jingoro ne, masassaƙin da ake jingina wa sassaƙen kyanwa mai barci da ke wurin bauta na garin Nikko.

Wajen siffofin ne ya kamata a daɗe. Asalinsu zane ne mai araha da ake sayar wa matafiya a garin Otsu, kusa da tafkin Biwa, a kan Tokaido, babbar hanyar da ta haɗa Edo da Kyoto. Akwai budurwa mai saɓe da reshen fuji, wani fure mai reto, akwai biri da yake ƙoƙarin danne tarwaɗa da gora, amma a ganina babu kamar dodon nan mai ƙaho da ya sa rigar malamin addinin Buddha, ya rataya ƙararrawa a ƙirji, ya riƙe littafin neman gudummawa, wanda ake fassarawa da gugar zana ga masu ibadar ganin ido.

A ƙura wa fuskokin ido sosai, domin bayan hukuma ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki a 1842, mai zane Utagawa Kuniyoshi ya riƙa ɗora kamanninsu a kan waɗannan siffofi, kuma hotonsa na Matabei na 1853 mutanen birnin Edo (Tokyo ta yanzu) sun ɗauke shi habaici ne ga mahukunta.

Ƙananan hatiman da masu tace hotuna na hukuma suke bugawa a jikin hoton suna taimakawa wajen gane shekara: hatimin kiwame ya yi aiki daga 1790 zuwa 1842, na aratame kuma ya zo a ƙarshen 1853. Sannan a juya bayan takardar da hannu mai tsabta. Bugun hannu yakan bar launi ya ratso, tare da sawun baren, wato faifan da ake goga takarda da shi a kan katako. Kada a bar hoton a hasken rana, domin launukan da aka haɗa daga tsirrai suna saurin koɗewa.