Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Jiragen Filafili Biyu Na Hannu: Mai Ƙafa 27 Ko Mai Ƙafa 30

Wanda ya shiga neman jirgin ruwa mai filafili na hannu a Amurka da wuya ya yi mako guda bai ci karo da Catalina 27 da Catalina 30 ba. Kamfanin da Frank Butler ya kafa a Kalifoniya ne ya ƙera su, na farkon tun 1971, na biyun kuma a tsakiyar shekarun 1970, kuma kowannensu an yi fiye da dubu shida, shi ya sa kayan gyaransu ba su da wuyar samu. A takarda bambancinsu ƙafa uku ne kacal, kuma a nan mai saye yakan ruɗi kansa.

Jirgi idan ya ƙara tsawo yakan ƙara faɗi da zurfi da nauyi gaba ɗaya. Ƙaramin yana da nauyin kilo 3,100 ko kusa da haka, babban kuwa ya kai kilo 4,600, kuma ya fi shi faɗi da ƙafa biyu. Idan ka sauka cikin ɗakin babban za ka ji sararin nan take: wurin girki ya fi yalwa, mutum huɗu kuma za su kwana ba tare da sun takura wa juna ba. Sai dai gudu bai ƙaru yadda ake zato ba, domin tsawon jikin da ke cikin ruwa ne ke ƙayyade shi. Ƙaramin yakan tsaya wajen mil 6.2 na ruwa a sa'a, babban wajen 6.7.

Saboda haka, kafin ka je kallo, ka zauna ka rubuta kuɗin shekara guda na kowanne. Matsayar jirage da ƙafa take lissafin haya, haka ma masu ɗaga jirgi daga ruwa lokacin hunturu. Fentin ƙasan jirgi, filafilai, igiyoyi da anka duk suna bin girma. Sannan ka amsa wa kanka tambaya ɗaya da gaskiya: da wa za ka riƙa fita? Idan yawancin fitarka kai kaɗai ne ranar Asabar da yamma, ƙaramin ya fi sauƙin shigarwa matsaya idan iska ta taso daga gefe. Idan kuwa iyali za su kwana biyu ko uku a ruwa, babban ya cancanci kuɗinsa. Ka duba zurfin ruwan yankinka ma, domin babban yakan nutse ƙafa biyar da 'yan inci, ƙaramin ƙafa huɗu, kuma a gaɓar Chesapeake da ke gabashin Amurka, inda ruwa ba shi da zurfi, wannan tazarar tana iya hana ka shiga wasu lunguna.

A ganina, lafiyar jirgin ta fi girmansa muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka cire takalmi ka taka saman jirgin taku-taku, musamman kusa da gindin jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafili, da inda aka ɗaure wayoyin da ke riƙe shi. Tsakanin fallayen roba biyu na saman akwai katako, kuma idan ruwa ya bi ramin kusa ya jiƙa shi, za ka ji wurin yana lotsawa ƙarƙashin ƙafarka kamar katifa. Ka ƙwanƙwasa da bayan sukudireba: wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Idan jirgin yana kan tudu, ka durƙusa ka dubi mahaɗar gangar jiki da dalmar da ke rataye a ƙasa don hana kifewa. Tsagewar da ke fitowa a gaban wannan mahaɗa sananniya ce har masu jiragen suna kiranta murmushin Catalina. Wani lokaci ta fenti ce kawai, wani lokaci kuma alama ce cewa katakon da ke ƙarƙashin kusoshin da ke riƙe dalmar ya ruɓe, don haka ka ɗaga faifan ƙasan ɗaki ka haska kusoshin da tocila.

Inji ma abin tambaya ne. Yawancin tsofaffin suna ɗauke da Atomic 4 mai shan fetur, wasu an sa musu na dizal, ƙananan kuma da dama injin da ake ratayawa a bayan jirgi suke amfani da shi, wanda sauya shi ya fi arha ƙwarai. Ka nemi a tayar da shi yana sanyi a gabanka, ka taɓa jikinsa tukuna don ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin isowarka ba. Wayoyin jigo kuwa, idan sun haura shekara goma zuwa goma sha biyar, ka sa kuɗin sababbi cikin lissafi.

Jirgin da ya tsallake wannan duba, shi za ka ɗauko wa ƙwararren mai binciken jirage da kuɗinka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka rubuta a yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai an ɗaga jirgin an duba ƙasansa, an kuma fita da shi ruwa an buɗe filafilansa duka.